Tuddan Falandas da Hanyoyinsu na Dutse

A arewacin ƙasar Beljiyam, cikin lardin da ake kira Falandas ta Gabas, akwai wani yanki na karkara wanda mutanensa suke alfahari da tuddansa matuƙar alfahari, alhali kuwa da za a ɗauko mutumin Jos ko na Mambila a tsayar da shi a gindin wanda ya fi su tsawo, a ce masa ga dutsen nan da ake ta ba da labari, lalle sai ya waiga dama da hauni yana neman inda dutsen yake. Wanda ya fi kowanne bisa a cikinsu, Hotond, bai zarce kimanin mita 150 daga doron teku ba, sauran kuwa duk ƙannensa ne. Amma da yake galibin ƙasar Falandas shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ɗan tudun da ya ɗaga kai a cikinta sai ya sami martabar da ba zai samu a wata ƙasa ba. Wani marubuci haifaffen yankin, Omer Wattez, shi ne ya yayata sunan da ake kiran wurin da shi tun ƙarshen ƙarni na 19, wato Ardennes ta Falandas, yana kamanta shi da Ardennes ta ainihi mai manyan dazuzzuka da kwazazzabai da ke kudancin ƙasar. Kamancin nan ƙauna ta fi yawa a cikinsa bisa ga gaskiya, amma sunan ya bi wurin ya zauna.

Abin da ya kai labarin tuddan nan nesa shi ne hanyoyin da suka hau su, kuma asalin hanyoyin ba wani abu ba ne illa larura. Ƙasar wurin laka ce mai danƙo, ruwan sama kuma ba shi da damina balle rani, kowane wata yana iya sauka, saboda haka manomin da ya ɗoro wa amalanke kaya ya nufi gangare ko hawa, in babu abin da zai tare ƙafar amalanken, sai ta nutse har gindi, doki ya yi ta haƙilo a banza. Maganin da mutanen dā suka samo shi ne daɓe hanya da duwatsu sassaƙaƙƙu, waɗanda ake fasowa daga mahaƙai irin na Lessines da Quenast, a jera su da hannu ɗaya bayan ɗaya a kan yashi, a ɗan tayar da tsakiyar hanyar kamar bayan kunkuru domin ruwa ya gangare gefe. A harshensu ana ce da duwatsun kasseien, waɗanda suka fi girma da kumburi kuma ana yi musu laƙabi da kawunan yara, sabili da siffarsu. Ga doki wannan rahama ce, don kofatonsa yana samun madafa a tsakanin dutse da dutse. To, amma shekara da shekaru, sanyin hunturu yana ɗaga su, nauyin kaya yana danne su, har jerin ya wargaje, wani ya nutse wani ya fito da kai, ramuka su buɗe a tsakani waɗanda tafin hannu zai shige.

Mutanen da suke bin waɗannan hanyoyi a ƙarni na 19 talakawa ne tilis. Sana'arsu bayan noma ita ce kaɗi da saƙar lilin a cikin gidaje, kuma da ita suke cike giɓin abin da ƙananan gonakinsu suka kasa bayarwa. Da injunan Ingila suka fara fitar da zare mai araha, sana'ar ta durƙushe, sa'an nan a 1845 annoba ta faɗa wa dankalin Turawa wanda shi ne tuwon talaka a can, aka shiga yunwa da cututtuka na 'yan shekaru, har sunan Falandas ya zama ana haɗa shi da fatara a bakin mutane. Daga nan ne maza suka riƙa fita cin rani zuwa arewacin Faransa, suna ƙodago a gonakin gwozar da ake tatsar sukari daga gare ta da wuraren gasa tubali, Faransawa kuma suna kiransu Flandrien, kalmar da a lokacin raini ne a cikinta, tana nufin baƙauye mai ƙarfi da juriya wanda ba ya ƙorafi. Bugu da ƙari, a cikin ƙasarsu ma harshensu, wanda reshe ne na Holanci, ba shi da daraja a kotu ko a babbar makaranta ko a gidan masu hali, Faransanci ne harshen manya, kuma sai a 1930 Jami'ar Ghent ta koma koyarwa da harshen mutanen da take zaune a tsakiyarsu.

A cikin wannan hali ne keke ya shigo, ya zama wa ɗan talaka ƙofar fita, domin saurayin da ya iya tuƙa shi da ƙarfi yana iya samun abin da ya fi ladan watanni a gona cikin tsere guda na ranar kasuwa. Wani mutum da ya fahimci wannan sha'ani tun da wuri shi ne Karel Van Wijnendaele, wanda aka haifa a 1882 kusa da garin Torhout cikin gida mai 'ya'ya goma sha biyar, ya bar makaranta yana da shekara 14, ya gwada tseren keke bai yi fice ba, sa'an nan ya koma ga alƙalami. A jaridar wasanni mai suna Sportwereld, wadda aka kafa a 1912, ya riƙa rubutu da harshen talakawa a kan 'ya'yan talakawa, ya ɗauki kalmar nan Flandrien ya wanke ta, ya mai da ita kirari. Shi da abokin aikinsa Léon Van den Haute suka shirya tseren da suka kira Ronde van Vlaanderen, wato Kewayen Falandas, aka yi na farko ranar 25 ga Mayu 1913. Mahaya 37 ne suka tashi daga Ghent, suka yi tafiyar fiye da kilomita 320, suka ƙare a wani filin tsere na katako a Mariakerke, inda Paul Deman ya zo na ɗaya bayan ya shafe sama da awa goma sha biyu a kan sirdi. 'Yan kallo ba su taka kara sun karya ba, har kuɗin ƙofa ya kasa biyan kyaututtukan da aka yi alkawari.

Abin lura a nan, wanda masu ziyara na yau ba safai suke sani ba, shi ne cewa masu shirya tseren farko ba su damu da tuddai ba ko kaɗan. Muradinsu shi ne a ratsa manyan garuruwan Falandas, daga Ghent zuwa Aalst da Oudenaarde da Kortrijk har bakin teku a Ostend, a biyo ta Bruges, domin kowane gari ya ga 'ya'yansa, jarida kuma ta sayu. Ba su da bukatar neman wahala, don wahala tana shimfiɗe a ko'ina, kowace hanya ta dutse ce, mahayi yana tafe da tayar safaya rataye a kafaɗa, in ta yi faci shi zai sauka ya gyara abinsa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da tseren daga 1915 zuwa 1918, da aka dawo a 1919 a kan hanyoyin da yaƙi ya ragargaza sai aka sa tuddai biyu, Tiegemberg da Kwaremont, daga baya aka ƙara Kruisberg da Edelareberg, aka daɗe a haka ba a ƙara kome ba.

Kwalta ce ta juya al'amarin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da arziki ya fara shigowa, motoci suka yawaita, kowane magajin gari ya ga cewa babu abin da zai faranta wa masu zaɓensa rai kamar ya binne duwatsun nan a ƙarƙashin baƙar kwalta mai santsi, kuma bilhaƙƙi babu mai zarginsa, domin mutumin da ya girma yana jin haƙoransa suna kaɗawa a kan hanyar zuwa kasuwa ba shi da dalilin yin begen kawunan yara. A wurinsa alamar talauci ce da ci baya. Amma abin da ya zama ni'ima ga manomi sai ya zama mas'ala ga masu tsere, saboda a kan hanya mai kyau mahaya suna dunƙulewa wuri guda, na baya yana fakewa da na gaba daga iska, mai ƙarfi ya kasa yakice rarrauna, a iso ƙarshe a cunkushe, tsere ya rasa armashi. Ala tilas masu shiryawa suka ɗauki taswira suka shiga lunguna, suna tambayar mutanen ƙauye inda aka bar wata tsohuwar hanyar gona da ba a kai ga gyarawa ba. A 1950 aka fara hawa Muur na garin Geraardsbergen, sunan da ma'anarsa bango. Da aka shimfiɗa wa babbar hanyar Kwaremont kwalta, sai a 1974 aka koma tsohuwar da ke gefenta, mai tsawon kilomita biyu da 'yan kai, wadda ake kira Oude Kwaremont. A 1976 kuma aka gano Koppenberg.

Ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya a gindin wannan tudu, a ƙauyen Melden, don a nan ne sha'anin duka ya taru. Hanyar ba ta wuce mita 600 ba, abin da yaro zai taka da ƙafa cikin 'yan mintoci. Tana farawa a hankali tsakanin gidaje da makiyaya, sa'an nan ta shige wani rami mai gaɓa biyu, bishiyoyi sun yi mata rumfa, rana ba ta cika taɓa ta ba, saboda haka ko an kwana biyu ba ruwa duwatsunta suna nan da danshi, laka kuma tana zubowa daga gaɓoɓin ta kwanta a tsakaninsu. A wurin da ta fi miƙewa, cikin kowace tafiyar mita 100 ana ɗagawa sama mita 22. Mahayi yana isowa nan sai ya sami kansa tsakanin abu biyu: in ya miƙe tsaye a kan feda don ya ƙara ƙarfi, nauyinsa ya bar tayar baya, ta yi ta juyawa a banza kan dutse mai santsi, in ya zauna daram a sirdi, tayar gaba ta nemi ɗagawa, ƙafafu kuma su gaza. Ga hanya matsattsiya, mutum ɗaya ya sa ƙafa ƙasa duk na bayansa sun tsaya, kuma wanda ya tsaya a wurin nan ba ya sake hawa faufau, sai dai ya saɓa kekensa ko ya tura shi, yana tangaɗi cikin takalman tsere masu ƙarfe a tafi waɗanda ba a yi su don tafiya ba. A shekarar farko har Eddy Merckx, wanda ba a taɓa yin kamarsa a wannan fage ba, kuma ya riga ya ci tseren sau biyu a 1969 da 1975, sai da ya sauka ya taka.

Shekara goma sha ɗaya ana jayayya a kan ko wannan jarrabawa ce ta adalci ko kuwa wasan kura da mutane, har ranar tseren 1987. Wani ɗan ƙasar Denmak, Jesper Skibby, ya daɗe yana gaba shi kaɗai, ya iso Koppenberg a gajiye, ayari yana tafe a bayansa, tsakaninsu kuma ga motar alƙalan tsere. Da ya kai wurin miƙewar nan gudunsa ya mutu, ya karkata, motar ta taɓa shi ya faɗi, direba kuwa don tsoron kada ya toshe wa na baya hanya sai ya ci gaba, ya bi ta kan tayar keken, ƙafar Skibby tana dab da wurin. Allah ya kiyaye bai karye ba, amma hoton ya zaga duniya, aka fitar da Koppenberg daga tseren har tsawon shekara goma sha biyar. Ba a dawo da shi ba sai a 2002, bayan hukuma ta kashe kuɗi ta tone duwatsun ta sake jera su, ta ɗan faɗaɗa hanyar.

Duba yadda zamani ya kifar da abu. Duwatsun da a shekarun 1960 ake biyan kuɗi a binne, a shekarun 1990 gwamnatin Falandas ta fara sa su cikin kundin kayan tarihi da doka ta hana a taɓa, daidai da tsofaffin majami'u da gidajen sarauta. Tun kafin haka ma an ga alama a Paterberg, wani gajeren tudu mai tsawon mita 360 wanda hanyarsa ta ƙasa ce zalla har zuwa tsakiyar shekarun 1980. Ruwayar da mutanen wurin suke bayarwa ita ce wani manomi ne, don sha'awar ya ga tseren ya bi ta ƙofar gidansa, ya zama sanadin daɓe ta da duwatsu a madadin kwalta, kuma daga 1986 tseren ya fara bi ta nan. Wato an kai ga ƙera sabuwar tsohuwar hanya da gangan. Yau Paterberg shi ne hawa na ƙarshe, daga kansa saura kilomita 13 a isa Oudenaarde, inda tseren yake ƙarewa. Ita ma kalmar Flandrien ta bar hannun masu ita, ta zama rawani da ake naɗa wa duk wanda ya jure ruwa da iska da dutse, ko daga ina ya fito. Mutumin Italiya Fiorenzo Magni ya ci tseren sau uku a jere daga 1949 zuwa 1951 har aka yi masa laƙabi da Zakin Falandas, kuma a 2022 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci tseren Ghent zuwa Wevelgem, wanda yake hawa tudun Kemmelberg a Falandas ta Yamma.

Daga tsere sai yawon buɗe ido ya biyo baya. Wani injiniyan mahaƙar kwal a lardin Limburg, Hugo Bollen, shi ya ƙago dabarar sa wa kowace mahaɗar hanyoyin keke lamba, aka fara aiki da ita a 1995, ta bazu ko'ina a Falandas da Holan, ta yadda baƙo ba ya bukatar sanin sunan ƙauye ko guda, ya isa ya rubuta jerin lambobi a takarda ya manna a kan kekensa ya bi. A Oudenaarde an buɗe gidan tarihi na tseren a 2003, daga ƙofarsa kuma hanyoyi uku masu alama suke tashi, shuɗiya da rawaya da ja, kowacce tana ɗinke tuddai da dama. Ranar jajibirin tseren, wanda galibi ake yi Lahadin farko ta Afrilu, ana sakar wa gama-garin mutane hanya, wajen mutum 16,000 daga ƙasashe barkatai su biya kuɗi don su sha wahalar da kakannin mutanen wurin suka yi addu'ar rabuwa da ita. Wanda ya ɗaga kai daga tayarsa zai ga abin gani: zauren majalisar Oudenaarde da aka fara ginawa a 1526, mai ado kamar an saƙa shi da allura, shaidar zamanin da garin ya yi arziki da dardumomin bango masu zane, filayen da rundunar da kwamandoji Marlborough da Yarima Eugene suka jagoranta ta karya ta Faransa a 1708, injunan niƙa masu fukafukai a kan tuddai, da dutsen tunawa da Van Wijnendaele a saman Kwaremont. Amma in za a faɗi gaskiya, akasarinsu ba sa ɗagawa, idonsu yana kan agogon da ke ƙirga musu mintoci.

Inda kuɗi ya shiga kuwa, husuma ba ta nisa. Daga 1973 zuwa 2011 tseren yana ƙarewa ne a Meerbeke, kuma Muur, wanda yake tasowa daga bakin Kogin Dender ya nannaɗe har zuwa wata 'yar majami'a da ke kan tudun Oudenberg, shi ne wurin da ake raba gardama, nan jama'a suke cika maƙil tun da asuba. A 2012 kamfanin da ya mallaki tseren ya mai da ƙarshensa Oudenaarde, ya fitar da Muur, ya tsara a riƙa kewaya Oude Kwaremont da Paterberg sau da yawa. Hujjarsu ita ce ɗan kallo zai ga mahaya fiye da sau ɗaya ba tare da ya bar inda yake ba. Masu suka suka ce ainihin maƙasudi shi ne a kafa manyan tantuna a gefen hanya, inda attajirai da baƙin kamfanoni za su ci su sha a sayar musu da kujera da tsada. Mutanen Geraardsbergen suka ji zafin abin ƙwarai, kamar an yi musu ƙwace da rana tsaka. A ganina kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, don tseren bai lalace ba, ya ma ƙara zafi, amma kuma da wuya mutum ya ga tantunan nan a kan gonakin jikokin 'yan cin rani bai ji wani abu ya tsaya masa a rai ba. An mayar da Muur cikin tseren a 2017, sai dai nesa da ƙarshe aka sa shi, a 2020 kuma aka sake fitar da shi.

Su kuwa mazauna tuddan, waɗanda doka ta hana su kwalta a ƙofar gida, suna nan suna bin duwatsun da motocinsu da taraktocinsu kwana 365, suna kai motar gareji, suna kuma sayar wa baƙi shayi da gahawa da wainar garin Geraardsbergen da ake kira mattentaart. Kekunan yau ba su kai nauyin kilo takwas ba, giyarsu ta ninka ta zamanin Deman sau da yawa, tayoyinsu an auna iskarsu da na'ura, duk da haka lakar da ke zubowa daga gaɓar Koppenberg ba ta san da wannan ba. A 1985 hadari ya sa mutum 24 kaɗai suka kai ƙarshe cikin 173 da suka tashi. A 2024 ma ruwa ya sauka ana cikin tsere, da aka iso ramin nan na Melden sai Mathieu van der Poel na Holan ya zauna a sirdi ya haye, ya tafi abinsa har ya ci tseren karo na uku, a bayansa kuwa manyan mahayan duniya, in ban da 'yan ƙalilan, suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama kan kekensa yana turawa, takalma suna zamewa a kan kawunan yara.